Tarihin da Ke Shimfiɗe a Kan Buhu: 'Yan Koli da Masu Abinci a Kasuwannin Kabi

Idan aka ce a ba da tarihin ƙasar Kabi, abin da ya saba zuwa bakin kowa shi ne Kanta da ganuwar Surame, sai yaƙe-yaƙen Kabawa da Gwandu, sai kuma bikin kamun kifi na Argungu. Ba kasafai ake tunawa da mutumin nan da ke zaune a gefen hanya, ya shimfiɗa buhu ya jera tsofaffin tasoshi da zobba da wuƙaƙe ba, balle matar da ke kusa da shi tana juya kifi a kasko. Alhali kuwa duk wani sauyi da ya sami wannan ƙasa, na yaƙi ne ko na sulhu, na kuɗi ne ko na ado, sai ya bar alamarsa a kan wannan shimfiɗa. A wannan maƙala muna so mu bi sawun waɗannan mutane a Birnin Kebbi da Argungu, mu ga inda kayansu ke fitowa da kuma inda suke ƙarewa, domin mu marubuta muna da ruwa da tsaki a cikin al'amarin.

Kasuwa ba ta ci sai da lafiya

A farkon ƙarni na 16 ne Muhammadu Kanta ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya Muhammadu na Songhai, ya kafa daular Kabi, ya zauna a Surame. Arzikin daular yana jingine da gulbi, wato kifi da shinkafar fadama, da kuma kasancewarta a kan hanyar da ta haɗa ƙasar Hausa da Kwara. A farkon ƙarni na 18 sarautar ta koma Birnin Kebbi, ta zauna a nan har 1805, shekarar da rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin. Daga baya Kabawa suka kafa sabuwar hedikwata a Argungu, kuma tun daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 aka shiga gaba mai tsawo tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato.

Yaƙi kuwa abokin gabar kasuwa ne. Lokacin da Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa Birnin Kebbi a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu, kufai ya tarar a inda tsohon birnin yake, jama'a sun takure a gefe. A wannan ƙarni Jega ce ta zama babbar kasuwar yankin. Sai a 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga, wajajen 1867, fatake suka ɗan sami sararin kai da komowa ba tare da fargaba ba. Duk da haka kaya ba su daina motsi ba: gishirin Foga, da goron Gwanja, da bandar kifi, da jar fatar akuya, da tufafin rini, duk sun ci gaba da ratsa kwarin.

A bayan manyan fatake akwai mutum biyu da su ne tushen kasuwar da muke magana a kai. Na farko shi ne ɗan koli, mai yawo kasuwa-kasuwa da ƙananan kaya, irin su allura da zare da madubi da kwalli da tsakiya da turare. Na biyu shi ne dillali, ko kuma mu ce dillaliya, domin ita ce ke da ikon shiga gidajen kulle. Mace ta matsu, ta ɗauko zane ko tasa daga ƙarƙashin gado ta miƙa mata, ita kuma ta kai kasuwa ta sayar ta cire la'adarta, ba wanda zai ji sunan mai kaya. Wannan rufin asiri shi ne jarin sana'ar, kuma shi ne dalilin da ya sa tsohon abu ke isa kasuwa ba tare da labarinsa ba. Mu riƙe wannan batu, za mu komo kansa.

Taron da ya haifi kasuwa

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Domin karrama baƙon da kuma nuna cewa tsohuwar gaba ta ƙare, aka shirya gagarumin su a Matan Fada. Al'adun ruwa irin su gyaran ruwa da fashin ruwa sun girmi wannan ziyara nesa ba kusa ba, amma daga ita ne ake ƙirga bikin kamun kifi kamar yadda duniya ta san shi.

Inda jama'a ta taru kuwa, kasuwa ta ci. Da farko 'yan kallo makwabta ne, Kabawa da Arawa da Zabarmawa da Dandawa da Fulani. Sannu a hankali sai ma'aikatan En'e da Turawan mulki suka fara zuwa. A 1970 Janar Yakubu Gowon ya halarta tare da Shugaba Diori Hamani na Nijar, daga nan bikin ya zama na ƙasa, aka riƙa ƙara masa nunin amfanin gona da na sana'o'in hannu, ga kokawa da dambe da wasannin ruwa na kabanci. Shi kansa sun bai wuce kamar sa'a ɗaya ba, daga lokacin da aka ba da alama masunta suka afka ruwa da homa da gora. Sauran kwanakin bikin na masu saye da sayarwa ne.

Ita ma Birnin Kebbi ta farfaɗo. A farkon mulkin Turawa fadar Sarkin Gwandu ta komo cikinta, sannan a ranar 27 ga Agusta, 1991, ta zama babban birnin sabuwar Jihar Kebbi. Ma'aikata suka kwararo, kuma sun zo ne a daidai lokacin da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira. Mai albashi da a da yake sayen sabo sai ya koma gwanjo, mai tsohon abu a ɗaki kuma ya fito da shi don ya sami na cefane.

Daga ina kayan suke fitowa?

Wanda ya tsaya ya dubi shimfiɗar mai tsofaffin kaya da idon basira zai ga kashi uku. Kashi na farko daga ɗakunan mata yake. Kakanninmu da ƙore masu zane suka yi jere. Da tasoshin tagulla suka shigo, ƙwarya ta sauka daga bango. Da kwanoni masu fenti, su langa da fanteka da kumbo, suka cika kasuwa, tasa ta koma ƙarƙashin gado. Su ma kwanonin daga baya tangaran da kabad suka ture su. Duk abin da aka ture, hannun dillaliya yake faɗawa. Ashe ke nan mutum zai iya karanta tarihin auren Bahaushe na shekara ɗari a kan buhu guda.

Kashi na biyu shi ne abin da zamani ya kashe amfaninsa: takobi da mashi da kwari da likkafa na zamanin yaƙi, da wuri, da anini da kobo mai huji da sule, waɗanda suka zama tarihi tun kafin ko kuma bayan zuwan naira a 1973.

Kashi na uku sabon aiki ne na masu sana'a: dukawa da jakunkuna da tumtum na jar fata, masaƙa da gwado, mata da faifai da tabarmi, masu malafa, masu sassaƙar ƙwarya, maƙera da wuƙaƙe masu kube. A nan ma baƙo ya sauya sana'a. Tun zamanin Turawa, 'yan kasuwa Hausawa sukan bi gidajen bariki su baje koli a baranda, kuma sun lura cewa Bature ya fi son abin da ya ga jiya. Sai wasu suka koyi tsufar da sabo, a turara shi da hayaƙi, a shafe shi da ruwan goro, ko a binne shi ya kwana biyu. Wannan fatauci ya kai Hausawa Legas da Abijan, har birnin New York na Amurka, inda 'yan kasuwa daga Nijar, Hausawa da Zabarmawa, suka yi shekaru suna kasa kaya a kan titi na 125 a unguwar Harlem, kafin hukumar birnin ta tashe su a 1994 aka mai da su wata kasuwa a titi na 116.

Mai kasko da mai tukuba

Ba a cin kasuwa da yunwa. A gefen 'yan koli kullum akwai mai suyar kifi, tarwaɗa ce ko karfasa ko yankan giwan ruwa, ga mai tsire da balangu a tukubarsa, ga mai kilishi, ga masa da ƙosai da hoce, ga 'yar Fulani da ƙwaryar fura da nono, ga mai rake. Yawancin abincin nan a cikin gida ake dafa shi, a hannun matan da ba su fita, yara mata su kai talla.

Abin lura a nan shi ne inda ribar take zuwa. Bisa al'ada, da kuɗin talla da na adashi uwa ke tara wa 'yarta kayan ɗaki. Wato ribar masar da aka sayar a bakin kasuwa ita ce ta zama langar da aka jera wa amarya, langar nan kuma ita ce bayan shekara arba'in ta dawo kasuwa a kan buhun mai tsofaffin kaya, taku kaɗan daga inda jikar amaryar ke talla. Dukiya ɗaya ce take kewayawa, kuma dukiyar mata ce, wadda ba a rubuta ta a kundin haraji ba balle a littafin tarihi.

Waɗannan su ne suka fi jin jiki da aka yi shekara goma ba a yi bikin Argungu ba bayan na 2009. A cikin wannan tsaiko ne ma hukumar UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun duniya a 2016, sai a watan Maris na 2020 aka sake yin sa. Manyan baƙi sun rasa kallo ne kawai, amma baduku da mai kasko kakarsu ce ta wuce su sau goma.

Abin da ya fita ba ya komowa

Ba za mu ɓoye ɗaya fuskar wannan sana'a ba. Tun 1953 aka yi dokar kare kayan tarihi a Nijeriya, sannan Doka ta 77 ta 1979 ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ga wanda aka ba izini, ta kuma hana fitar da su waje ba da takarda ba. A ma'aunin dokar, aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 ya shiga wannan sahu. Duk da haka, a shekarun 1990 an yi ta haƙar gumakan yumɓu a ɓoye a arewa maso yamma ana kai su Turai, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa na yankunan Sakkwato da Katsina, tare da na Nok, a jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Abin da aka tono ba tare da an rubuta inda aka same shi ba, ya zama kurma, ba zai sake gaya wa kowa komai ba.

Akwai kuma asarar da ta fi wannan shiru. Tasar tagulla da ba ta sami mai saye ba, 'yan gwangwan ne ke ɗora ta a sikeli su biya kuɗin nauyinta, daga nan sai wuta. Ta wannan fuska, mutumin da ya hana ta zuwa sikeli ya ajiye ta a shimfiɗarsa yana jiran wanda ya san darajarta, ya yi mana aikin da ba mu biya shi ba.

Gaskiya ne muna da Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar da sarakuna suka zauna har 1942, wadda aka buɗe wa jama'a a 1958. A ciki akwai makamai da tambura da layu da kayan su, ga kuma kaburburan sarakuna. Amma gidan tarihi kayan fada da na fagen fama ya fi tarawa. Kayan talaka, musamman na mace, ba su da gidan da ya wuce kasuwa, ita kuwa kasuwa zango ce, ba a daɗewa a cikinta.

Namu aikin

Muna da magabaci a wannan fage. Alhaji Umaru, wanda aka fi sani da Imam Umaru na Salaga, an haife shi a Kano a 1858, amma asalin gidansu Kabi ne. Ya bi hanyar fatake har Gwanja, ya rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Gana a 1934, shekarar da aka yi sun Matan Fada. Ban da waƙoƙinsa, ya rubuta tarihin Kabi da ajami, ya kuma bayyana sana'o'i da cinikayya da abincin Hausawan zamaninsa dalla-dalla. Bai raina majemi ko mahauci ba. Saboda haka ne har yau masana ke komawa ga rubutunsa idan suna son sanin yadda talaka ya rayu a ƙarni na 19.

To, mu fa? Littattafanmu sun cika da falo da mota da ɗakin amarya na zamani, amma da wuya a ga dillaliya a cikinsu sai in ana neman wadda za ta kai tsegumi ko ta kashe aure. Ga ta kuwa ita ce ta san wace tasa ta fito daga wane irin gida, a wace shekarar yunwa, da kuma hawayen da aka zubar kafin a rabu da ita. Ba sai mun tona asirin kowa ba. Abin da ake bukata shi ne mu zauna da waɗannan dattawa, mu rubuta sunan kowane abu da amfaninsa da inda aka ƙera shi, mu rubuta sunayen zanen ƙwarya da na saƙa, da kalmomin ciniki tun daga tayi har zuwa albarka da sallamawa, da kirarin masu talla, cikin Kabancinsu yadda suka faɗa. Marubuci mai tasowa da ke kukan rashin abin rubutawa, ga jigo nan a bakin tasha yana jiran sa, kuɗin mota kawai zai kashe.

Masu hikima sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tsofaffin da suka san waɗannan kaya suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, su ma kayan kullum sai raguwa suke yi. Allah ya ba mu ikon kai alƙalami wurin kafin sikeli ya riga mu, amin.