Suraiya: Jarumar da Ta Rera Waƙoƙinta da Bakinta

Da za a tambayi yawancinmu wace ce ke rera waƙar da muke ji daga bakin Nargis ko Hema Malini ko Rekha, ba za mu yi dogon tunani ba, za mu ce Lata Mangeshkar ce ko ƙanwarta Asha Bhosle. Haka muka taso muka tarar da fim ɗin Indiya: jaruma na motsa baki a gaban kyamara, alhali wata mace daban ta riga ta rera waƙar a ɗakin ɗaukar sauti. Har wasunmu sun ɗauka tun fil azal haka abin yake. To, an yi zamanin da fuska da murya duk na mutum ɗaya ne, kuma babbar tauraruwa ta ƙarshe a wannan zamani ita ce Suraiya.

Fim ɗin Indiya na farko mai magana, Alam Ara, ya fito a 1931. A waɗannan shekarun ɗan wasa shi ke rera waƙarsa a daidai lokacin da ake ɗaukar hoto, makaɗa kuma su laɓe a inda kyamara ba za ta kama su ba. Duk wanda ba shi da murya, da wuya ya zama jarumi. A 1935 wani kamfani na Kalkata mai suna New Theatres ya zo da sabuwar dabara a fim ɗin Dhoop Chhaon, wadda Nitin Bose ya ba da umarni: a fara ɗaukar waƙa daban, daga baya a kunna ta ɗan wasa ya bi da bakinsa. Wannan ne ya buɗe ƙofar aron murya. Duk da haka, an ƙara fiye da shekara goma manyan taurari su ne masu iya waƙa da kansu, irin su K. L. Saigal da Kanan Devi da Khursheed da Noor Jehan. Su ma sukan fara ɗaukar waƙar kafin su bi ta da baki, amma muryar tasu ce.

An haifi Suraiya Jamal Sheikh a 1929 a yankin Punjab, cikin gidan Musulmi, kuma ita kaɗai iyayenta suka haifa. Tun tana jaririya iyalin suka koma Bombay, birnin da ake kira Mumbai yanzu. Ba ta taɓa zama gaban malamin waƙa ta yi karatu ba. A shirin yara na gidan rediyon All India Radio ta fara rerawa, kuma kawunta, wanda ke fitowa a matsayin mugu a finafinai, shi ya riƙa zuwa da ita wurin ɗaukar fim. Ta haka aka ba ta matsayin Mumtaz Mahal tana yarinya a fim ɗin Taj Mahal na 1941.

Abin mamaki, ita kanta ta ƙofar aron murya ta shigo. Mai tsara kiɗa Naushad ya ji ta a rediyo, sai ya sa ta rera wa jaruma Mehtab waƙa a fim ɗin Sharda na 1942, lokacin tana da shekara 13. An ruwaito cewa sai da aka ɗora ta kan kujera kafin bakinta ya kai ga makirufo. Ba a jima ba masu fim suka gane cewa wannan yarinya mai murya tana da fuska ma. Saigal ya ji waƙarta ya nemi a haɗa su, suka fito tare a Tadbir a 1945, sannan Omar Khaiyyam da Parwana. A 1946 Mehboob Khan, wanda daga baya ya yi Mother India da muka sani, ya haɗa ta da Noor Jehan a Anmol Ghadi. A wannan fim Noor Jehan ce babba, Suraiya na biye da ita.

Shekarar 1947 ta sauya komai. Saigal ya rasu a watan Janairu. A watan Agusta Turawan Ingila suka bar ƙasar bayan an raba ta gida biyu, Indiya da Pakistan, aka yi kashe-kashe tsakanin Musulmi da Hindu da Sikh, miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Noor Jehan da Khursheed suka ƙaura Pakistan. Suraiya da danginta suka zauna a Bombay. Cikin 'yan watanni fagen ya zama nata, domin babu wata jaruma mai waƙa da ta rage da za ta ja da ita.

Finafinai uku ne suka kai ta ƙololuwa: Pyar Ki Jeet a 1948, sai Badi Behen da Dillagi a 1949. A lokacin tana cikin waɗanda aka fi biya a masana'antar, har ta fi wasu mazan da take fitowa da su. Jama'a kan yi cincirindo a ƙofar gidansu, Krishna Mahal, da ke kan titin Marine Drive a bakin teku. Ranar buɗe Badi Behen taron ya yi yawa har sai da 'yan sanda suka sa kulki, kuma tun daga nan ta daina zuwa bukukuwan buɗe finafinanta. Dharmendra, wanda masu kallonmu suka sani sarai, ya sha ba da labarin yadda yana saurayi a ƙauyensu yake takawa da ƙafa zuwa sinima don ya sake kallon Dillagi.

Sai dai a wannan shekara ta 1949 ne abin da zai kawo ƙarshen irin su Suraiya ya bayyana. Lata Mangeshkar, wadda sa'arta ce don shekara ɗaya aka haife su, ta rera waƙoƙin Mahal da Barsaat da Andaz, duk suka karɓu. A faifan garmaho na Mahal ba a ma rubuta sunanta ba, sunan da jaruma Madhubala ta fito da shi a fim ɗin aka sa. Masu sauraro ne suka dami gidan rediyo da tambayar wace ce mai wannan murya, har aka faɗi sunanta. Ko a Badi Behen, fim ɗin Suraiya, Lata ce ta rera wa Geeta Bali waƙoƙinta.

Dalilin da ya sa aron murya ya yi rinjaye ba boyayye ba ne. Mai ba da umarni ya samu damar zaɓen jaruma don kyawunta ko iya wasanta ko rawarta, ba ruwansa da ko tana iya waƙa. Mai tsara kiɗa ya samu ƙwararriya da zai iya ba ta kowace irin karin murya mai wuya. Mai zuba kuɗi kuma ya ga cewa mawaƙiya ɗaya za ta iya yi wa jarumai goma aiki, a gama waƙa ba tare da an jira jaruma ta samu sarari ba. Da haka Nargis da Madhubala da Nimmi da Meena Kumari suka cika fage, abin da ya bambanta Suraiya da saura kuma ya daina zama dole.

A daidai wannan lokaci ne rayuwarta ta gida ta shiga wani hali. Tsakanin 1948 da 1951 ta yi finafinai bakwai da Dev Anand, wanda a lokacin sabon shiga ne, ita kuwa ta riga ta yi suna. An ce suna ɗaukar waƙa cikin kwalekwale a fim ɗinsu na farko, Vidya, sai ya kife, shi ya tsamo ta daga ruwa. Soyayya ta ƙullu har ya nemi aurenta. Kakarta ta wajen uwa, wadda ita ke riƙe da ragamar gidan kuma take raka ta wurin aiki, ta ce sam, domin shi Hindu ne, ita Musulma. Da yawa daga cikinmu za mu fahimci hujjar kakar, don hukuncin addini a nan a fili yake, ga kuma jinin da aka zubar wajen raba ƙasa bai gama bushewa ba. Suraiya ta bi maganar manya. Dev Anand ya auri Kalpana Kartik a 1954. Ita kuwa ba ta yi aure ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Finafinanta na farkon shekarun 1950 ba su yi kasuwa kamar na baya ba. Amma a 1954 ta yi aikin da ake ganin ya fi kowanne a rayuwarta. Sohrab Modi ya shirya fim kan Mirza Ghalib, shahararren mawaƙin Urdu da Farisanci da ya rayu a Delhi ya rasu a 1869. Bharat Bhushan ya fito a matsayin Ghalib, Suraiya kuma mawaƙiyar da ta kamu da son baitocinsa. A cikin fim ɗin nan ana ganin zamani biyu gefe da gefe: jarumin aron murya ya yi, Talat Mahmood ne ya rera masa, jarumar kuwa da bakinta ta rera baitocin, kan kiɗan da Ghulam Mohammed ya tsara. Fim ɗin ya ci lambar zinare ta shugaban ƙasa a matsayin wanda ya fi kowanne a shekarar, kuma an ruwaito cewa Firaminista Jawaharlal Nehru ya yaba mata da kansa kan yadda ta raya waƙoƙin Ghalib.

Fim ɗinta na ƙarshe shi ne Rustom Sohrab na 1963, wanda aka ɗauko labarinsa daga Shahnama na Firdausi, ta fito tare da Prithviraj Kapoor. Tana da shekara 34 ta ajiye wasa da waƙa baki ɗaya, ba ta sake komawa ba. Ta yi shekara 40 a wannan gida na Marine Drive, da farko tare da mahaifiyarta, bayan rasuwarta kuma ita kaɗai, ba ta cika fita ba sai jefi-jefi in an gayyace ta karɓar lambar yabo. Ta rasu ranar 31 ga Janairu, 2004, tana da shekara 74, aka binne ta a maƙabartar Musulmi ta Bada Kabrastan da ke Mumbai.

Idan sunanta bai zauna a bakinmu ba kamar na Nargis ko Hema Malini, lokaci ne ya jawo. 'Yan kasuwa Kwarori sun fara shigo da finafinan Indiya gidajen sinima na Arewa ne a shekarun 1950, kuma kafin su kafu sosai a Kano da Kaduna da Jos da Zariya, tauraronta ya riga ya dushe. Abin da ya iso mana shi ne tsarin da ya gaje ta. Shi muka kalla shekara da shekaru, kuma da aka fara finafinan Hausa na bidiyo a 1990 da Turmin Danya, ba a daɗe ba waƙa ta shigo da irin wannan tsari. Jaruma na rausaya a allo, muryar kuwa ta Fati Nijar ce ko Maryam A. Baba ko wata daga cikin takwarorinsu.

Ba laifi ba ne a raba aiki, kuma tsarin ya ba mu mawaƙa da ba don shi ba da ba mu san su ba. Amma labarin Suraiya ya nuna mana cewa wannan tsari yana da mafari, mutane ne suka zaɓe shi don dalilai na kasuwa da sauƙin aiki, kuma an yi asarar wani abu a hanya. Da yawa daga waƙoƙinta suna nan a YouTube, hoto baƙi da fari, sautin da ɗan ƙara irin na tsohon faifai. Duk wanda ya buɗe ɗaya daga Mirza Ghalib a wayarsa zai ga mace tana furta baitoci da fuskar wadda ta san inda ta ja numfashi a kowane layi, domin ita ta ja shi. In mun gama kallo muka koma finafinanmu na gida, ya kamata mu riƙa jira har sunaye su fito a ƙarshe, mu karanta na wadda ta rera waƙar.