Gujon: me ya sa haƙoran bakinsa biyu suka bambanta?

Gujon, wanda ake rubutawa goujon da Faransanci, ƙusa ce marar kai mai haƙoran murɗawa a baki biyu. Baki ɗaya yana shiga jikin inji ya zauna can, ɗayan kuma noti ake ɗaura masa, wato abin da makanikai ke kira ekuru. Ana yawan samun sa wajen kulas da mahaɗar bututun hayaƙi. A kan wasu, haƙoran baki ɗaya manya ne masu tazara, na ɗayan kuma ƙanana ne a matse. Ba kuskuren masana'anta ba ne.

Jikin inji ƙarfen zubi ne ko alminiyom, kuma dukansu ba su kai ƙarfen gujon ƙwari ba. Manyan haƙora sun fi nutsewa, suna kuma barin nama mai kauri tsakaninsu, shi ya sa ramin ba ya saurin cinyewa. Saboda wannan raunin ne ma ƙa'idojin Jamus na DIN suka tanadi zurfin shiga daban-daban: kimanin kaurin gujon sau 1 a ƙarfe, sau 1,25 a ƙarfen zubi, sau 2 a alminiyom.

A ɗaya bakin, ƙarfe ne ke cizon ƙarfe, babu fargabar cinyewa. Ƙananan haƙora ba su da gangara sosai, don haka da ƙarfin hannu iri ɗaya noti ya fi matsewa, kuma girgizar hanya ba ta saurin kwance shi. Gujon mai kaurin milimita 10 yakan zo da tazarar 1,5 a bakin inji, 1,25 a bakin noti. Na Amurka mai inci 3/8 yana da haƙora 16 a kowane inci a baki ɗaya, 24 a ɗayan. Akwai dai gujon da yawa da bakinsu biyu iri ɗaya ne.

Inda ake asara shi ne wajen sayen noti. Mai tazarar 1,5 yakan hau haƙoran 1,25 zagaye ɗaya ko biyu, sai ya cije. Yaron gareji mai gaggawa ya sa makulli ya danne, haƙora su lalace. In kuma aka juya gujon aka tura ƙaramin baki cikin alminiyom, ramin inji ne zai tafi, kuma gyaransa ya fi kuɗin gujon nesa ba kusa ba. Noti na daidai da yatsu yake shiga har ya kusa zama.