Salak Ɗin Leda da Aka Ce An Wanke: Nazari a Kan Ƙwarin da Ido Ke Gani da Cutar da Ba Ya Gani

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazari a kan tsabtar ganyen salak da ake wankewa a masana'anta a ƙulle a leda, wanda ake sayarwa da tabbacin cewa ana iya ci kai tsaye. An dogara ne da rahotannin hukumomin lafiya na Amurka a kan annobar da aka samu tsakanin 2006 da 2020, da kuma binciken masana da aka buga a mujallun kimiyya. Nazarin ya gano cewa ƙwari da ƙananan dabbobin da masu saye ke tsinta a cikin leda sun fi tayar da hankali, amma ƙwayoyin cutar da ke kwantar da mutane har su yi kisa suna shiga ganyen ne tun daga gona, kuma wankin masana'anta ba ya raba su da shi gaba ɗaya.

1.0 Gabatarwa

Sana'ar sayar da yankakken ganye a leda ta kafu ne a jihar Kalifoniya ta Amurka a ƙarshen shekarun 1980. Kwarin Salinas shi ne babban lambun ƙasar a lokacin zafi, idan sanyi ya shigo kuma noman ya koma yankin Yuma na jihar Arizona. Daga waɗannan wurare biyu ake ɗora latas da alayyafon Turawa a manyan motoci masu sanyi zuwa kantunan ƙasar baki ɗaya. Matar gida ta buɗe leda ta juye a faranti, shi ke nan, babu tsinka babu wanki babu yanka. Wannan sauƙi ne ya sayar da hajar, kuma shi ne ya ɗora wa masana'anta amanar da a da take hannun mai girki.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: me kalmar "an wanke" ke lamuncewa, me kuma ba ta lamuncewa? Sannan idan mutum ya tarar da tsutsa ko kwaɗo a cikin ganyen, me wannan ke gaya masa game da lafiyar abin da zai ci?

2.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An tattara bayanai daga rahotannin Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, wato CDC, da Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasar, FDA, da wasu maƙalu na masana ƙwayoyin cuta da na muhalli. An ware abin da ya shafi ƙwari da dabbobi gefe guda, abin da ya shafi ƙwayoyin cuta gefe guda, aka kwatanta illar kowanne.

3.0 Yadda Ake Wankin

A masana'anta ana yanka ganyen da injin, a zuba shi cikin dogon kwami na ruwan sanyi mai gudu wanda aka sa wa sinadarin kulorin, a sake bi da shi ta wani ruwan sau ɗaya ko biyu, a juya shi a injin tsane ruwa, sannan a ƙulle a leda. Ana rage iskar oksijin ta cikin ledar domin ganyen ya jima bai yi ja ba.

Abin da yawancin masu saye ba su sani ba shi ne, babban aikin kulorin ɗin nan tsare ruwan wankin ne. Ganyen gonaki da dama ke haɗuwa a kwami ɗaya, kuma da babu sinadarin, kan latas ɗaya mai ɗauke da cuta zai iya shafa wa dubban leda. Dangane da ƙwayoyin da suka riga suka manne a jikin ganye, gwaje-gwaje sun yi ta nuna cewa wankin yana rage kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari ne. A kunne wannan adadi yana da yawa. Sai dai ƙwayar E. coli O157:H7 ba ta buƙatar taro: ƙasa da guda ɗari na iya kwantar da mutum. Ragowar kashi ɗaya zuwa goman nan yana laɓewa a ƙofofin numfashin ganye, da lungunan jijiyoyinsa, da bakin inda wuƙa ta yanka. Ganyen kuma ɗanye ake cin sa, babu wata wuta da za ta biyo baya ta ƙarasa aikin.

Yankan ma da nasa sharrin. A shekarar 2016 masu bincike a Jami'ar Leicester ta Ingila, ƙarƙashin jagorancin Dakta Primrose Freestone, sun nuna cewa ruwan da ke tsatsowa daga ganyen da ya ƙuje abinci ne ga ƙwayar Salmonella. A gwajinsu, ƙwaya 100 ta hayayyafa zuwa kimanin 100,000 cikin kwana biyar a sanyin firiji, ta kuma ƙara manne wa ganyen da jikin ledar har wanki ya kasa cire ta. Wannan ruwan da ake gani ya taru a gindin leda, wanda ake ɗauka raɓa ce kawai, shi ne abin lura.

4.0 Abin da Ido Ke Gani

A 2019 Daniel Hughes da abokan aikinsa na Jami'ar Illinois sun buga nazari a mujallar Science of the Total Environment, inda suka tattara labarai 40 na masu saye a Amurka da suka tarar da dabbar daji a cikin kayan lambu da aka ƙulle, daga 2003 zuwa 2018. Fiye da rabi kwaɗi ne. Sauran sun haɗa da macizai da ƙadangaru da ɓeraye da tsuntsaye, wasu ma da ransu aka same su. Mafi yawansu kuma daga gonakin da ke amfani da magungunan feshi suka fito, saɓanin zaton da ake yi cewa laifin noman da ba a feshi ne. A watan Afrilun 2017 an janye wani nau'in salak daga kantuna bayan mutum biyu a jihar Filorida sun tarar da mataccen jemage a ledar da suka fara ci, lamarin da ya sa CDC ta shiga ciki saboda fargabar cutar haukan kare.

Dalilin shigar waɗannan halittu a fili yake. Injin girbi yana yanke ganye ne a saurin tafiyarsa, sau da yawa da dare ko da asuba lokacin da kwaɗo ke fakewa a cikin ganye mai laima. Ƙaramin kwaɗon bishiya kore ne kamar ganyen, nauyinsa bai taka kara ya karya ba, don haka yakan tsallake iskar da ke fifita tarkace da idon na'urar tantance launi.

Game da ƙananan ƙwari, hukuma kanta ta yarda cewa ba a iya raba amfanin gona da su ɗungurungum. FDA tana da jadawalin iyakar aibin da ake ɗauke kai a kansa. A alayyafon gwangwani ko daskararre, sai an samu matsakaicin darɓa da makamantanta guda 50 ko fiye a kowane giram 100 kafin hukuma ta ɗauki mataki. Hujjarta ita ce illar waɗannan ƙwari ta ƙyama ce, ba ta cuta ba. A ra'ayin wannan maƙala ƙyamar mai saye hakkinsa ce, kuma wanda ya biya kuɗin ganyen da aka ce an wanke bai kamata ya tsinci tsutsa ba. Akwai kuma keɓantattu masu haɗari na gaske: kwaɗi da ƙadangaru na ɗauke da Salmonella, katantanwa marar ƙoƙo kuma a tsibirin Hawai tana yaɗa wata tsutsa da ke kama ƙwaƙwalwa. Duk da haka, manyan annobar salak da aka rubuta a ƙasa ba daga nan suka taso ba.

5.0 Abin da Ido Ba Ya Gani

A watan Satumban 2006 alayyafon leda ya kwantar da kimanin mutum 200 a jihohi 26 na Amurka da cutar E. coli O157:H7. Sama da 100 aka kwantar a asibiti, 31 ƙodarsu ta taɓu, 3 suka rasu. Masu bincike sun bi sawu har wata gona a gundumar San Benito ta Kalifoniya, suka sami irin ƙwayar a ruwan rafi da kashin shanu da na aladun daji. A 2018 latas ɗin Yuma ya kwantar da mutum 210 a jihohi 36, mutum 5 suka rasu, aka gano ƙwayar a magudanar ban ruwa da ta ratsa kusa da wani katafaren wurin kiwon shanu. A 2020 kuma salak ɗin leda ya harbi mutum 701 da ƙwayar Cyclospora, wadda kulorin ba ya kashewa. Ganyen da ya jawo duk wannan kore shar yake, kyan ɗan maciji, babu abin da zai sa mai ci ya ja baya.

Martanin da aka mayar bayan 2006 darasi ne. Manyan dillalai sun matsa wa manoma su share ciyayi da bishiyoyin gefen gona, su kafa shinge, su sa tarko da guba, don kada wata dabba ta raɓi ganye. A 2015 Daniel Karp da abokan aikinsa suka buga bincike a mujallar PNAS da ya nuna share ciyayin bai rage ƙwayoyin cutar ba, an ma fi samun E. coli mai cutarwa a inda aka share, da kuma gonakin da ke maƙwabtaka da makiyayar shanu. An bar jaki ana dukan taiki ke nan, ga shi an yi asarar ciyayin da ke tace ruwan sama kafin ya gangaro gona.

6.0 Sake Wanki a Gida da Halin da Muke Ciki

Wani kwamitin masana a Amurka ya ba da shawara a 2007 cewa kada a sake wanke ganyen da aka rubuta wa "an wanke", domin abin da ya gagari masana'anta ba zai fita da ruwan famfo ba, kuma hannu da kwano da katakon yanka nama na iya ƙara masa wata cutar. Shawarar daidai take game da ƙwayoyin cuta. Amma baza ganyen a faranti a duba shi ɗaya bayan ɗaya yana fitar da tsutsa da katantanwa, yana kuma nuna ganyen da ya fara yauƙi, kuma wannan bai saɓa wa shawarar ba.

Wannan shawara an gina ta ne a kan sanyin da bai yanke ba daga masana'anta zuwa gida, a ƙasa da digiri 5 na ma'aunin Celsius. A biranenmu na Najeriya, inda yankakken kabeji da karas da latas suka fara bayyana a leda a manyan kantuna, wutar lantarki na iya ɗaukewa tsawon yini. Matsalar ruwan ban gona kuma mun fi Yuma saninta. A Kano ana noman latas a gaɓar Jakara da ruwan da ya kwaso kwatocin gari. Duk wanda ya tsaya wurin mai shinkafa da wake ya ga yadda ake yi: roba ɗaya ta ruwa tun safe, a tsoma latas a girgije a yanka, zuwa azahar ruwan ya yi duhu, ƙasa ta kwanta a gindi, ana ci gaba da tsomawa. Kwamin masana'anta ne a ƙaramin siffa, ba tare da kulorin ba. Gishirin da ake barbaɗawa yana fito da tsutsa daga lungun ganye, amma ba ya kashe ƙwan tsutsar ciki.

Saboda haka wannan maƙala tana kira ga hukumar NAFDAC da ma'aikatun lafiya na jihohi da kada su amince wa kowane mai sana'a ya rubuta "an wanke" a kan ledarsa sai ya nuna sakamakon gwajin ruwan da aka shayar da ganyen, da na ruwan da aka wanke shi, da shaidar cewa sanyi bai yanke masa ba har kanti. Mata masu juna biyu da tsofaffi da yara ƙanana da masu raunin garkuwar jiki kuma, inda ba a da wannan tabbaci, su ci ganyensu a dafe.