Tarihin Tantance Suna a Ƙasar Zurmi: Daga Raɗi zuwa Kwamfuta

A ƙasar Zurmi, inda Dutsi, tsohuwar cibiyar sarautar Zamfarawa take, jama'a ne suke tabbatar da sunan mutum tun asali, domin ranar bakwai da haihuwa liman yakan raɗa wa jariri sunan yanka, wato sunan Musulunci da ake yanka rago dominsa, maroƙi ya shelanta, waɗanda suka halarta su zama shaidu. Bayan wannan akwai laƙabi, kamar Ɗanjuma ga wanda aka haifa ranar Juma'a, ko Tanko ga namijin da ya biyo mata, sannan alkunya takan hana uwa ambaton sunan ɗanta na fari, sarauta kuma takan manne wa suna, kamar yadda Ƙaura, muƙamin jagoran mayaƙa, ya haɗu da Namoda har ya zama sunan gari.

Mulkin Turawa, bayan cin Sakkwato a 1903, shi ya kawo rajistar haraji da ta makaranta, inda aka buƙaci kowa ya tsaya kan suna biyu, lamarin da ya sa ɗalibai da yawa suka ɗauki sunan garinsu, kamar Shehu Shagari. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko a shekarun 1930, amma tsarin ASCII na 1963, wanda ya bai wa kowane harafi lamba a kwamfuta, alamomi 128 kaɗai ya tanada, kuma babu su a ciki, sai da tsarin Unicode ya zo a 1991.

Tantance suna a manhaja na nufin duba cewa ba a bar gurbin sunan fayau ba, tsawon bai wuce kima ba, kuma alamomin karɓaɓɓu ne. Idan aka gina wannan ƙa'ida kan haruffan Ingilishi kaɗai, manhajar za ta ƙi Sa'adu saboda alhamza, ta kuma mayar da Ɗanladi Danladi. Tun da aka fara BVN, wato lambar tantancewa ta banki, a 2014, aka kuma wajabta NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ga masu jarrabawar shiga jami'a ta JAMB a 2021, saɓanin harafi ɗaya a rubutun suna yana iya tsayar da lamarin mutum. Wajibi ne masu rubuta manhaja su san tsarin sunayen Hausawa kafin su gindaya sharuɗɗan karɓarsu.