Kujerar Masanin Nazariyyar Filasma a Jami'a: Bincike Mai Dogon Zango a Ƙarƙashin Gajeren Wa'adi

Gabatarwa

Idan iskar gas ta yi zafin da ilektaron suka ɓalle daga jikin ƙwayoyin zarra, kowane ɓangare na yawo da cajin lantarkinsa, to ta zama filasma. Rana da taurari filasma ne, haka ma walƙiya. Masu neman samar da lantarki ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra, kamar yadda yake faruwa a tsakiyar rana, dole su tsare filasmar da zafinta ya haura digiri miliyan 100, kuma galibi da ƙarfin maganaɗisu ake riƙe ta ba ta taɓa bango ba. Masanin nazariyyar filasma shi ne wanda ke zama da lissafi don ya gano yadda wannan halitta mai wuyar sha'ani za ta yi kafin a kashe biliyoyi a gina mata na'ura.

Wannan maƙala na kafa hujja ne a kan abu guda. Manyan tunane-tunanen wannan fage sukan ɗauki shekaru ashirin zuwa sittin kafin su nuna, amma tsarin aikin da jami'o'in Turai da Amurka suka shimfiɗa wa matasan masana yana auna su ne da ma'aunin shekara biyu ko uku. Muddin jami'o'i ba su buɗe kujerun dindindin ga masana nazariyyar filasma ba, fagen zai yi ta cin tsohuwar ajiya har ta ƙare.

Abin da tarihi ya nuna

A 1946 Lev Landau ya ɗauki lissafin da Anatoly Vlasov na Jami'ar Mosko ya fitar a 1938, ya nuna cewa kaɗawar da ta tashi a cikin filasma za ta iya lafawa ko da ƙwayoyinta ba su yi karo da juna ba. Masana da yawa sun ɗauki abin a matsayin siddabarun lissafi kawai. Sai a 1964 John Malmberg da Charles Wharton suka gan shi a ɗakin gwaji a Amurka. Cikakkiyar hujjarsa ta lissafi kuwa sai a 2009 Clément Mouhot da Cédric Villani suka kawo ta, kuma tana cikin ayyukan da suka sa Villani ya sami lambar Fields a 2010.

Eugene Parker na Jami'ar Chicago ya rubuta a 1958 cewa rana na hura iskar filasma da ke ratsa sararin samaniya da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa. Masu tantance maƙalar sun ƙi ta. Editan mujallar, Subrahmanyan Chandrasekhar, ya duba bai ga kuskure a lissafin ba, ya buga ta. Kumbon Mariner 2 ya tabbatar da maganar a 1962.

Misalin da ya fi ƙarfi shi ne na sitelareta, na'urar tsare filasma da maganaɗisu da Lyman Spitzer, farfesan ilimin taurari a Princeton, ya ƙirƙiro a 1951. Na'urorin farko sun yi ta zubar da zafi. Da Rashawa suka bayyana sakamakon tasu na'urar tsare filasma, wato tokamak T-3, a 1968, masana daga Culham ta Ingila suka je suka auna suka gaskata a 1969, sai duniya ta juya wa sitelareta baya, har Princeton ta mayar da tata tokamak. Masu lissafi ƙalilan ne suka ƙi sakin ta. Aikin Allen Boozer a 1983 da na Jürgen Nührenberg da Regine Zille a 1988 ya nuna cewa ana iya lanƙwasa maganaɗisun ta yadda zai riƙe ƙwayoyin da kyau. Irin wannan lissafi ne ya haifi Wendelstein 7-X da ke Greifswald a Jamus, wadda ta kunna filasmarta ta farko a Disambar 2015. Aikin nan tamkar dashen dabino ne, wanda mai dasa shi ya san shekaru za su shuɗe kafin a ga nonnansa.

Turbar da matashi ke bi a yau

Mai son wannan aiki yakan shafe shekara huɗu zuwa shida a kan digiri na uku. Daga nan sai aikin bincike na wucin gadi, shekara biyu ko uku, sau da yawa a wata ƙasa, kuma galibi sai ya maimaita. Idan ya dace da gurbin koyarwa a Amurka, yana da kimanin shekara shida ya tara maƙaloli da kuɗin tallafi da ɗalibai kafin a yanke hukuncin tabbatar da shi ko sallamarsa. A Jamus dokar 2007 ta ƙayyade aikin wucin gadi a shekara shida kafin digiri na uku da shida bayansa, wanda bai sami kujera ba a wannan tsakani yakan tsinci kansa a bakin ƙofa.

Kowane fannin kimiyya na fama da wannan, amma filasma na da ƙarin nauyi biyu. Na farko, ba ta da gida guda a jami'a. A wani wuri tana sashen fiziks, a wani wuri sashen ilimin taurari, ko injiniyancin nukiliya, ko lissafi. Idan gurbi ya faɗi, kwamitin ɗaukar malamai ya cika da mutanen wasu fannoni, kowa na jan ruwa zuwa gonarsa, kuma da wuya a sami mai tsaya wa filasma. Na biyu, kuɗin binciken na fitowa ne daga hukumomi ƙalilan, a Amurka galibi Ma'aikatar Makamashi, kuma yana hawa da sauka da siyasa. A 1996 Majalisar Dokokin Amurka ta zaftare kusan kashi ɗaya bisa uku na kasafin wannan bincike, aka rufe babbar na'urar TFTR ta Princeton a 1997. Shugaban sashen da ya ga haka zai yi dogon tunani kafin ya ɗaure jami'arsa da albashin shekara talatin.

Sakamakon a fili yake. Matashin da kwangilarsa za ta ƙare baɗi ba zai taɓa matsalar da ke buƙatar shekara goma ba. Zai ɗauki manhajar da wasu suka rubuta, ya sauya 'yan alƙaluma, ya fitar da maƙala. Ba laifinsa ba ne, tsarin ne ya koya masa hakan.

Hujjojin masu ja

Masu ja da wannan ra'ayi na da hujjoji uku da suka cancanci amsa. Ta farko ita ce cibiyoyin bincike na gwamnati sun wadatar. Akwai gaskiya a nan, domin Boozer da Nührenberg a irin waɗannan cibiyoyi suka yi aikin da aka ambata. Amma abin da ya ba su dama shi ne kwanciyar hankalin aikin dindindin, wanda ke ƙarfafa hujjata. Bayan haka, cibiya ba ta ba da digiri, ba ta kuma tsayawa gaban 'yan aji biyu da ba su taɓa jin sunan filasma ba. Duk ma'aikacin ITER, na'urar da Tarayyar Turai da Sin da Indiya da Japan da Koriya ta Kudu da Rasha da Amurka ke ginawa a Cadarache ta Faransa, wani malami ne ya fara koya masa a aji.

Ta biyu ita ce manyan kwamfutoci sun maye gurbin alƙalami da takarda. Amma manhajojin da ake kwaikwayon hargitsin filasma da su, irin su GENE, a kan lissafin da Edward Frieman da Liu Chen suka fitar a 1982 aka gina su. Kwamfuta na warware lissafin da aka ba ta ne. Gano wane lissafi ya dace, da fahimtar dalilin da amsa ta fito yadda ta fito, aikin ɗan Adam ne da ya sami lokacin tunani.

Ta uku ita ce kamfanoni sun shigo da kuɗi. Commonwealth Fusion Systems, wanda ya fito daga MIT a 2018, da takwarorinsa na ɗaukar masana da albashin da jami'a ba ta iya biya, kuma nasarar haɗe ƙwayoyin zarra da aka samu a cibiyar Livermore ranar 5 ga Disamba, 2022, inda megajul 2.05 na hasken leza ya fitar da megajul 3.15, ta ƙara wa masu zuba jari ƙaimi. Wannan abin maraba ne. Sai dai kamfani na da na'ura guda da wa'adi guda da sirrin ciniki. Fagen nan ya taɓa ɗanɗana ɓoye-ɓoye, kuma bai bunƙasa ba sai da aka yaye labule a taron Geneva na 1958. Kowane malamin da kamfani ya ɗauke kuma, ɗaliban da zai yaye sun tafi tare da shi.

Abin da ya kamata a yi

Jami'o'i su riƙa ɗaukar masana nazariyyar filasma biyu ko uku a tare, tun da mutum ɗaya ba zai iya riƙe kwasa-kwasai da ɗaliban digiri na uku ba. Hukumomi da kamfanonin da ke cin moriyar waɗannan ɗalibai su ɗauki nauyin albashin shekarun farko na sababbin kujeru. Kwamitocin ƙarin girma su karanta aikin mutum su auna zurfinsa maimakon ƙirga maƙalolinsa.

Wannan kira bai tsaya ga ƙasashe masu na'urori ba, domin nazariyya ba ta buƙatar tokamak. Cibiyar da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya don masana ƙasashe masu tasowa da taron nazarin filasma ta buɗe aikinta a 1964. Layin tsakiya na maganaɗisun duniya ya ratsa Najeriya, kuma filasmar da ke samanmu kan dagula saƙon GPS bayan faɗuwar rana. Cyril Onwumechili ya gina sunansa ne a Ibadan a kan nazarin lantarkin da ke gudana a wannan sarari. Jami'o'inmu na da abin bincike a bisa kansu, abin da ake nema shi ne malamin da aka ba lokaci da ɗalibai.

Kammalawa

Na'urorin da ake ginawa yau na tsaye ne a kan lissafin shekarun 1940 zuwa 1980. Waɗanda za a gina a tsakiyar wannan ƙarni za su buƙaci lissafin da ba a yi ba tukuna, kuma masu yin sa suna cikin matasan da ke neman gurbi yanzu. Hukuncin ba su kujera ko barin su su watse yana hannun majalisun jami'o'i da shugabannin sassa, kuma ya dace su yanke shi tun ana da manyan malaman da za su horar da su.