Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Gasar Tseren Motoci ta Tsofaffin Gwanaye

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. To amma akwai sana'o'in da ba su yarda da wannan karin magana ba, waɗanda tun mutum na jin da sauran ƙarfinsa za a ce masa ya koma gefe ya ba yara wuri. Tseren motoci na daga cikinsu. Direban da duniya ta yi wa tafi yana ɗan shekara talatin, kafin ya cika arba'in sai ka tarar an fara yi masa kallon tsoho, alhali kuwa a wata sana'ar a lokacin ne ma ake fara kiran mutum gwani. Wannan maƙala za ta bi tarihin wata gasa da aka ƙirƙiro domin irin waɗannan mazajen jiya, wato Grand Prix Masters, wadda aka fara a shekarar 2005, aka yi tsere uku kacal, sannan ta rushe a 2007. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne, tsofaffin sun fita kunya a fili, abin da ya kashe gasar daga wani wuri dabam ya fito.

Yadda Tsufa Ya Zama Laifi

A farkon tarihin Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya da aka fara a 1950, furfura ba abin kunya ba ce. Luigi Fagioli na Italiya ya ci tseren Faransa na 1951 yana da shekara 53, shi kuwa Juan Manuel Fangio na Ajantina ya ɗauki kambin duniya karo na biyar a 1957 yana da shekara 46. Daga bisani sai motoci suka ƙara gudu, suka kuma ƙara riƙe kwalta a kan kwana, har ta kai idan direba ya sha kwana da gudu, nauyin kansa da na hular kwanonsa kan ninka sau uku ko fiye, kuma wuyansa ne zai ɗauki wannan kaya na kimanin sa'a ɗaya da rabi. Bugu da ƙari, kamfanoni suka koma neman yaran da aka raina a kan ƙananan motocin tsere tun suna firamare. Haka aka yi ta tafiya har a 2015 Max Verstappen ya shiga Formula 1 yana ɗan shekara 17. Ke nan fagen da Fangio ya yi sarauta da furfurarsa ya koma hannun samari.

Sai dai kuma mai hali ba ya fasa halinsa. Mutumin da ya shekara ashirin yana wasa da ajali a kan gudun kilomita 300 cikin sa'a, da wuya ya gamsu da zaman gida. Wasu sukan koma sharhi a talabijin, wasu su kafa kamfani, wasu kuma su nemi ƙananan gasa su ci gaba. Denny Hulme na New Zealand, zakaran duniya na 1967, yana daga cikin na ƙarshen nan, kuma a bakin sitiyari ajali ya riske shi: zuciyarsa ta buga yana tsakiyar tseren Bathurst a Ostireliya a 1992, yana da shekara 56. Duk wanda zai tara tsofaffin direbobi ya ba su motoci masu gudu, dole wannan labari ya tsaya masa a rai.

Gwaje-gwajen Farko

Tun kafin 2005 an sha jarraba haɗa tsofaffi a fili ɗaya. A watan Mayu na 1984, lokacin da aka buɗe sabon filin Nürburgring a Jamus, kamfanin Mercedes ya tara tsofaffin zakaru irin su Jack Brabham da Phil Hill da John Surtees, tare da na zamanin, ya ba kowa mota iri ɗaya. Abin mamaki, wani saurayi ɗan Birazil da bai daɗe da shiga Formula 1 ba, Ayrton Senna, shi ya lashe tseren, Niki Lauda ya biyo bayansa. Wannan dai biki ne na yini ɗaya.

A Amurka kuwa an yi wata gasa a 1993 mai suna Fast Masters, domin direbobin da suka kai shekara 50, a wani ƙaramin fili kusa da Indianapolis. Motar da aka ba su ita ce Jaguar XJ220, mota mai tsadar gaske wadda ba a ƙera ta don ƙuntataccen wuri irin wannan ba. Dattawan nan suka yi ta karo da juna suna ragargaza dukiya. Bobby Unser ne ya zama zakara, kuma daga wannan shekara ba a sake yi ba.

Kafuwar Grand Prix Masters

Wani ɗan kasuwa mai suna Scott Poulter ne ya jagoranci kafa sabuwar gasar a Ingila. Sharuɗɗan shiga su ne mutum ya kai shekara 45, ya taɓa yin Formula 1 ya bari, sannan likitoci su tabbatar da lafiyarsa. Kamfanin Delta Motorsport ya ƙera motocin bisa tsarin motar Reynard da aka yi tsere da ita a Amurka a shekarar 2000, aka sa musu inji mai silinda takwas, lita uku da rabi, wanda ƙarfinsa ya haura na doki 600. Dukkan motocin iri ɗaya ne, kuma da gangan aka hana su na'urorin da ke taimaka wa direba, kamar mai hana taya sulɓi idan an taka totur da mai hana birki kamewa.

Wannan tsari yana da dalili. Tun fil azal masu kallon tsere suna gardama a kan tambaya ɗaya: shin direba ne ke cin tsere, ko kuwa mota? Lokacin da Nigel Mansell na Ingila ya ci tsere tara ya zama zakaran duniya a 1992, motarsa ta Williams cike take da kwamfuta, har wasu suka riƙa cewa kowa aka ɗora a kanta zai ci. A ɗaya gefen kuma ga irin su Andrea de Cesaris na Italiya, wanda ya yi tsere 208 a Formula 1 bai taɓa zuwa na ɗaya ba, yana kuma iya cewa mota ce bai samu ba. Sabuwar gasa ta zo ta toshe bakin kowa, domin in mota ɗaya ce, babu sauran uzuri.

Ranar Kyalami

An yi tseren farko ranar 13 ga Nuwamba, 2005, a filin Kyalami da ke kusa da Johannesburg a Afirka ta Kudu. Zaɓen wurin ya yi ma'ana, domin tun 1993 rabon nahiyar Afirka da ganin tseren Formula 1, kuma a wannan fili ne aka yi na ƙarshen. Mutane suka yi dafifi, har Murray Walker, tsohon mai sharhin nan na Ingila da ya yi ritaya a 2001, ya dawo ya riƙe makirufo.

Tun kafin a tashi tsufa ya karɓi harajinsa. Alan Jones na Ostireliya, zakaran duniya na 1980, ya yi gwaji ya ji wuyansa ba zai ɗauka ba, sai ya janye, aka ba Eliseo Salazar na Chile motarsa. Mutum 14 suka tsaya a layi, cikinsu har da Jacques Laffite na Faransa, wanda saura kwanaki ya cika shekara 62, kuma wanda ya karye ƙafafu biyu a Brands Hatch a 1986.

Amma idon kowa na kan mutum biyu. Mansell yana da shekara 52. Emerson Fittipaldi na Birazil, zakaran duniya na 1972 da 1974, yana da 58, kuma tun 1996 ya bar tsere bayan mummunan haɗarin da ya yi a Michigan, inda ya samu karaya a ƙashin wuya. Akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakaninsu: a 1993 Fittipaldi ya ƙwace wa Mansell tseren Indianapolis 500 ana dab da gamawa, shi kuma Mansell ya rama da ɗauke kambin gasar na wannan shekara, ya bar Fittipaldi a na biyu. Shekara goma sha biyu bayan haka sai ga su a Kyalami, Mansell a gaba, Fittipaldi na manne da shi zagaye bayan zagaye, har zagaye 30. Da suka tsallake layin ƙarshe, abin da ya raba su bai kai rabin daƙiƙa ba. Riccardo Patrese, tsohon abokin aikin Mansell a Williams, ya zo na uku, de Cesaris kuma na huɗu. Duk wanda ya zo da niyyar kallon tsofaffi suna rarrafe ya koma gida da wani labarin.

Katar da Silverstone

A 2006 aka sassauta sharaɗin shekaru zuwa 40 domin a samu ƙarin direbobi. Tsere na biyu an yi shi a filin Losail na ƙasar Katar ranar 29 ga Afrilu, cikin zafin hamada, Mansell ya sake yin nasara. Abin lura a nan shi ne waɗanda suka biyo shi: Christian Danner na Jamus da Eric van de Poele na Beljiyam, mutum biyun da ko sau ɗaya ba su taɓa shiga sahun ukun farko ba a duk zamansu a Formula 1. Tsere na uku ya zo ranar 13 ga Agusta a Silverstone, ana tafka ruwan sama. Mansell, wanda jama'ar gida suka zo dominsa, motarsa ta ba shi matsala, bai taɓuka komai ba. Eddie Cheever na Amurka, wanda ya yi tsere 132 a Formula 1 ba tare da ya ci ko ɗaya ba, shi ya zo na ɗaya, van de Poele na biyu, Danner na uku.

Da wannan sakamako gasar ta ba da amsa iri biyu ga tsohuwar gardamar nan. Ta wanke Mansell, domin ya ci biyu cikin uku ba tare da kwamfutar Williams ba. Ta kuma wanke waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a cikin raunanan motoci, ta nuna cewa da ma akwai gwaninta a hannunsu, abin hawa ne ba su dace da shi ba. Sai dai adalci ya sa a faɗa cewa su Danner da Cheever sun fi su Fittipaldi ƙarancin shekaru da fiye da goma, kuma a wannan fage shekara goma ba wasa ba ce.

Faɗuwa

Ashe ganga na cikin zaƙi ta kusa fashewa. Tseren da aka shirya yi a Monza ta Italiya a 2006 bai yiwu ba, haka kuma duk waɗanda aka tsara na 2007. A watan Satumba na 2007 kamfanin Delta Motorsport ya kai ƙara babbar kotun Ingila a kan kuɗin aikinsa da ba a biya ba, kuma a watan Nuwamba kotu ta ba da umurnin a rufe kamfanin gasar.

Ana iya hango dalilan wannan faɗuwa daga tsarin gasar kansa. Na farko, a Formula 1 kowace ƙungiya ita ke ƙera motarta ta kuma nemo masu ɗaukar nauyinta, amma a nan kamfani ɗaya ne ya ɗauki nauyin motoci da kanikawa da jigilar kaya daga nahiya zuwa nahiya. Na biyu, tsere uku cikin wata tara bai isa ya sa 'yan kallo su saba ba, balle gidajen talabijin da masu talla su zuba kuɗi mai kauri. Na uku, hajar da ake sayarwa ita ce suna, sunayen kuwa ba su cika ba. Alain Prost da Niki Lauda da Nelson Piquet, waɗanda a tsakaninsu suke da kambin duniya goma, babu wanda ya yi tsere a gasar, zakarun duniya biyu ne kawai suka tsaya a layi. Na huɗu, marmarin jiya abu ne mai saurin gushewa. Wanda ya biya kuɗi ya ga Mansell da Fittipaldi sau ɗaya ya kashe ƙishirwarsa, ba lalle ne ya dawo baɗi ba, su kuma gwanayen kullum ƙara tsufa suke yi.

Amurkawa sun sake gwada wani abu mai kama da wannan a 2021, lokacin da aka fara gudanar da gasar SRX wadda Tony Stewart da Ray Evernham suka kafa, inda tsofaffin zakaru ke karawa da masu tashe a motoci iri ɗaya. Ita ma shekara uku ta yi, aka dakatar da ita a farkon 2024.

Kammalawa

Mazajen Kyalami sun watse, kowa ya kama gabansa. Mansell bai haƙura ba, domin a 2010 ya shiga tseren sa'a 24 na Le Mans tare da 'ya'yansa biyu, taya ta fashe masa tun da farko ya yi karo. De Cesaris, wanda ya tsira daga haɗurra barkatai a fagen tsere, a kan babur ya rasu a wani titin birnin Rum a 2014. Patrick Tambay na Faransa, wanda shi ma ya yi tseren Kyalami, ya rasu a 2022, Murray Walker kuma a 2021.

Idan aka auna Grand Prix Masters da ma'aunin kasuwa, asara ce, domin bashi ne ya binne ta. Idan kuwa aka auna ta da tambayar da ta zo amsawa, to ta cim ma burinta tun ranar farko, sa'ad da dattijo ɗan shekara 58, mai tsohuwar karaya a wuya, ya bi ɗan shekara 52 zagaye 30 bai bar shi ya sarara ba. Zumar dai ta yi maganin, masu sayen ta ne suka yi ƙaranci.