Fanka, firji da batir: abin da ke kashe kayan wuta a gidajenmu

Duk na'urar da aka sayo a kasuwar Sabon Gari aka kawo gida, an ƙera ta ne bisa wani zato da ba a faɗa wa mai saye: cewa za ta riƙa samun wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240 ba tare da tangarɗa ba, a ɗakin da ba ya gasa mutum, cikin iskar da ba ta cika ƙura ba. Gidan talaka a Kano ko Katsina ko Dutse ba ya iya lamunce ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saboda haka mafi yawan abin da muke kira lalacewa ba mutuwar na'ura ba ce. Wani ɗan ƙaramin abu ne a cikinta ya gaji ya sare, sauran jikin kuwa lafiyarsa lau. Ribar magidanci ko asararsa tana rataye ne a kan ko ya gane wannan ɗan abin, ko ya samu mai gyaran da zai gaya masa gaskiya.

A ɗauki fankar sama. A tsakiyar bazara sai ta fara juyawa a kasalance, daga baya ta ƙi tashi sai an tura mata fiffike da sanda. Mutane da yawa kan ce koyil ya ƙone. Galibi ba haka ba ne. Injin fanka ba ya iya fara juyawa da kansa daga wutar layi ɗaya, sai da taimakon kafasita, wani ɗan abu da bai fi ƙwanƙon ashana girma ba, wanda zafi ke rage wa ƙarfi sannu a hankali. Wayoyi biyu ake kwancewa a ɗaura sabo, fankar ta dawo tana kaɗa labule. Wanda bai sani ba kuwa sai ya sauke ta ya kai wa mai naɗin koyil, ko ya jefar da ita bayan ɗaki ya ci bashi ya sayi wata.

Lamarin firji ya fi wannan zurfi, domin a nan ne raunin wutarmu ke nuna kansa sosai. Sunaye sun canza, daga NEPA da aka kafa a 1972 zuwa PHCN, zuwa kamfanonin rarraba wuta da aka miƙa wa 'yan kasuwa a 2013, amma taransifomar unguwa tana nan yadda take: gidajen da ke rataye a kanta sun ninka waɗanda aka yi ta dominsu, wayoyin sirara ne kuma dogaye. Da magariba, sa'ad da kowa ya kunna abin da yake da shi, sai ƙarfin wutar ya faɗi, ƙwai ya yi ja kamar garwashi. A wannan hali kwamfiresa ba ta samun ƙarfin da za ta motsa, sai ta tsaya cik tana zuƙar wuta tana zafi. Ƙarar nan ta "ƙyas" da ake ji a bayan firji bayan kowane 'yan mintoci, ɗan abin kariya ne ke yanke mata wuta don kada ta ƙone. In aka bar ta a haka dare bayan dare, wata rana kariyar za ta gaza. Haka kuma in aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take: iskar da ke cikin bututu ba ta gama daidaita ba, injin zai taso ne a kan nauyi. Shi ya sa tsofaffin masu gyara ke cewa a zare soket a jira minti biyar, kuma suna da gaskiya.

Inda ba su cika faɗin gaskiya ba shi ne zancen gas. "Gas ɗinsa ne ya ƙare, Alhaji, a ƙara masa," in ji mai gyara, ya zo da tukunyarsa ya ɗura, ya karɓi kuɗi. Bayan wata uku a sake kiransa. Gas ɗin firji ba man fetur ba ne da ake ƙonawa. Zagayawa yake yi cikin rufaffen bututu, kuma ba ya raguwa sai in akwai huda. Sau da yawa ma hudar daga gida ta samo asali, ranar da aka sa wuƙa ana ɓamɓarar ƙanƙara don a yi saurin cika kular ruwan sanyi ko zoɓon sayarwa. Mai gyaran kirki kumfar sabulu yake shafa wa mahaɗun bututu ya nemo inda ke yoyo, ya liƙe, sannan ya ɗura. Aikin ya fi ɗaukar lokaci, kuma yana hana shi dawowa ya ci kuɗi karo na biyu, don haka ba kowa ke yin sa ba.

Sitabilaiza tana taimakawa, amma ba ta ƙirƙirar wuta. Tana ɗaga ƙarfin da ke shiga firjinka ne ta hanyar jan ƙari daga layi, don haka in kowa a layin ya sayi tasa, sai wutar unguwar ta ƙara faɗuwa. Akwai kuma masifar da ba ta cika tarewa ba: ranar da wayar nutural ta tsinke a kan falwaya, ƙarfin wuta a wasu gidaje kan haura har ya doshi bolt 400, a wayi gari talabijin da caja da ƙwayaye na layi guda duk sun ƙone. Babu wanda ke biya.

Shekaru da dama ƙaramin janareta ne mafakar mutane, kuma shi ma cutarsa sananniya ce: fulogi ya yi baƙi, kafireto ya toshe da datti, ko yaro ya manta haɗa fetur da baƙin mai. Amma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin lita ya ninka har ya haura naira dubu a ƙarshen 2024, janareta ya koma kayan ado a gidaje da yawa. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin masu amfani da wuta da ake kira Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit. A Oktoban shekarar kuma jihohin Arewa da dama suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan layin da ke kawo ɗauki daga kudu maso gabas ya samu matsala. Waɗannan ne suka tura mutane ga sola, ba wa'azin kare muhalli ba.

Sola ta zo da sauƙi na gaske, amma ta zo da nata jahilcin. Faranti ba ya cika lalacewa. Ƙurar hunturu ce ke kwanta masa ta rage masa aiki, kuma tsumma da ruwa da sassafe sun isa magani. Batir ne wurin da kuɗi ke zurarewa. Batirin dalma ba ya son a zuƙe shi fiye da rabi, ba ya son zafi, kuma a ƙa'idar masu ƙera shi duk ƙarin kimanin digiri 10 a kan 25 yana raba tsawon ransa biyu. Mu kuwa muna ajiye shi a lungun da ba taga, a garin da zafin Afrilu ke wuce 40, mu jona masa dutsen guga, mu bar ruwansa ya ƙafe, in mun tuna kuma mu zuba masa na rijiya maimakon tataccen ruwan batir. In ya mutu cikin shekara sai a ce jabu aka sayar mana. Wani lokaci jabun ne, don kasuwa cike take da su, har da wayar da aka yi da alminiyam aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Amma ba kullum ba.

Abin da ya fi damuna shi ne inda gyaran kansa ya dosa. Fanka da tsohon firji da janareta abubuwa ne da ake buɗewa da sukundireba a gani da ido, kuma yaron shago kan ƙware a kansu ta hanyar tsayawa kusa da maigidansa, irin yadda ake koyon sana'a a Panteka ta Kaduna. Inbata da batirin litiyam da talabijin na bango kuwa, ransu yana kan allon lantarki mai ƙananan ƙwayoyi da ba sa gyaruwa da gwaji da hasashe. Masu gyaran waya a kasuwar Farm Centre sun nuna cewa hannunmu na iya wannan aikin in an samu kayan aiki da mai koyarwa. Sai dai a ɓangaren kayan gida har yanzu amsar da aka fi ji ita ce a canza allon gaba ɗaya, a aika Alaba ta Legas a jira, kuma kuɗinsa kan kai inda magidanci zai fara lissafin ko sabuwar inbata ta fi masa sauƙi.